Motsa Jiki da Rage Ƙiba: Abin da Bincike Ya Tabbatar

Gabatarwa

A zamanin da, a ƙasar Hausa da wasu ƙasashe masu yawa, akan ɗauki ƙiba a matsayin alamar wadata da kwanciyar hankali, har idan mutum ya yi tumbi akan ce daɗi ya zauna masa. Ilimin likitanci ya sauya wannan fahimta, domin an gano cewa kitse mai yawa a jiki yana da alaƙa da hawan jini, da ciwon sukari, da ciwon zuciya, da ciwon gwiwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana da ƙibar da ta wuce kima, watau fiye da mutum biliyan ɗaya ke nan.

Shawarar da aka fi bai wa mai ƙiba ita ce ya riƙa motsa jiki. Sau da yawa yakan karɓi shawarar da hannu biyu, ya shiga sassarfa da asuba ko tafiyar ƙasa da yamma, ya yi wata biyu ko uku yana zufa, sa'an nan ya hau sikeli ya tarar abin da ya ragu bai taka kara ya karya ba. Daga nan sai gwiwarsa ta yi sanyi, ya watsar da abin baki ɗaya. Manufar wannan lacca ita ce a bayyana dalilin da ya sa haka take faruwa, a kuma nuna cewa wanda ya watsar da motsa jiki saboda hukuncin sikeli ya yi babbar hasara, domin ya auna aikin da ma'aunin da ba nasa ba.

1. Yadda Jiki Yake Kashe Abin da Ya Ci

Tun wajajen shekarar 1780 masanin nan na Faransa, Antoine Lavoisier, ya nuna cewa numfashi wani irin ƙonewa ne mai tafiya a hankali. Jiki yana haɗa abinci da iskar oksijin, ya sami ƙarfi da ɗumi, ya fitar da iskar kabon-dayoksaid da ruwa. Ma'aunin wannan ƙarfi shi ake kira kalori. Giram ɗaya na abinci mai sitaci ko sukari yana ba da kimanin kalori 4, haka ma giram ɗaya na abinci mai gina jiki, amma giram ɗaya na mai ko kitse yana ba da kalori 9. Abin da aka ci bai ƙone ba, jiki yakan adana shi, galibi a matsayin kitse.

Ta hanyoyi uku jiki yake kashe kalori. Ta farko, wadda ta fi kowace girma, ita ce hidimar rayuwa kanta: bugun zuciya, da numfashi, da aikin hanta da ƙoda da ƙwaƙwalwa, da riƙe ɗumin jiki. Wannan kaɗai yakan cinye kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na abin da mutum yake kashewa a yini, ko da kuwa ya wuni a kwance. Ƙwaƙwalwa, wadda nauyinta bai wuce kashi 2 cikin ɗari na jiki ba, tana cin kusan kashi ɗaya cikin biyar na wannan hidima. Hanya ta biyu ita ce narkar da abinci, wadda take ɗaukar kimanin kashi 10 cikin ɗari. Abin da ya rage shi ne rabon motsi, kuma a cikinsa ne ake lissafa tashi da zama, da shara, da daka, da zuwa kasuwa, da dukkan kai-komo na yau da kullum. Watau motsa jiki na musamman, irin wanda ake ware wa lokaci, wani ɗan yanki ne kawai na wannan kaso ga yawancin mutane.

Yana da kyau kuma a san inda kitse yake tafiya idan ya ƙone, domin mutane da yawa suna zaton zufa ce narkakken kitse. A shekarar 2014 Ruben Meerman da Andrew Brown na ƙasar Ostareliya suka buga lissafin da ya nuna cewa idan kilo 10 na kitse ya ƙone, kilo 8.4 yakan fita ta huhu a matsayin iska, kilo 1.6 kuwa ya zama ruwa. Saboda haka wanda ya sa tufafi masu kauri ya yi gudu cikin rana don ya yi zufa, ruwan jikinsa kawai ya zubar, kuma da ya sha ruwa nauyin zai dawo.

2. Lissafin Ci da Lissafin Ƙonewa

Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kimanin kalori 7,700. Mutum mai nauyin kilo 70 idan ya yi tafiyar kilomita 5 cikin awa ɗaya, abin da zai ƙone bisa wanda da ma zai ƙone yana zaune bai wuce kalori 200 zuwa 250 ba. Ke nan sai ya yi fiye da wata guda yana wannan tafiya kullum ba fashi kafin lissafi ya kai kilo ɗaya. Idan gudu ne, mutum yakan ƙone kimanin kalori ɗaya a kan kowane kilo na nauyinsa a kowace kilomita. Don haka gudun famfalaƙi mai tsawon kilomita 42, wanda sai gwanaye suke gama shi, bai kai ya ƙone rabin kilo na kitse a jikin wannan mutumin ba.

A ɗaya gefen kuwa, kwalbar lemo mai rabin lita tana ɗauke da kimanin kalori 200. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja yana da kimanin kalori 120. Giram 100 na soyayyar gyaɗa, abin da mutum zai iya cinyewa yana hira bai lura ba, ya haura kalori 550. Abin da aka ƙone cikin awa ɗaya ana iya mayar da shi cikin minti biyar. Hausawa sun ce tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, amma ko an yi dubu ba a fita, kuma tsakanin baki da ƙafa haka lamarin yake.

Ko wannan lissafin ma ya yi wa motsa jiki alfarma. Asalinsa daga wani likitan Amurka ne, Max Wishnofsky, wanda ya tsara shi a shekarar 1958, kuma an daɗe ana amfani da shi kamar jiki buhu ne wanda duk abin da aka ɗiba daga ciki shi ke nan ya ragu. A shekarar 2011 Kevin Hall da abokan aikinsa na Cibiyoyin Binciken Lafiya na Amurka suka nuna cewa lissafin yana zuzuta abin da za a samu, domin duk lokacin da jiki ya ragu, abin da yake ƙonewa ma yakan ragu, har a kai inda ci da ƙonewa za su sake daidaita, nauyi ya tsaya cik.

3. Darasi Daga Mafarautan Tanzaniya da Matan Karkarar Nijeriya

An daɗe ana ɗauka cewa mutanen birane suna ƙiba ne saboda ba sa kashe kalori kamar mutanen karkara. Ba a sami damar gwada wannan zato sosai ba sai da aka samu wata dabara ta auna abin da mutum yake ƙonewa alhali yana cikin harkokinsa. Nathan Lifson ne ya ƙirƙiro ta a Jami'ar Minnesota bayan shekarar 1950, kuma Dale Schoeller ya fara amfani da ita a kan mutane a 1982. Akan ba mutum ya sha wani ruwa wanda ƙwayoyin haidurojin da na oksijin da ke cikinsa sun ɗan fi na ruwan yau da kullum nauyi, ba ya kuma cutarwa. Haidurojin ɗin ta hanyar ruwa kaɗai yake barin jiki, oksijin ɗin kuwa yana fita ta ruwa da kuma ta numfashi. Idan aka riƙa auna fitsari na mako ɗaya ko biyu, bambancin saurin fitarsu yakan nuna yawan iskar da mutum ya fitar, daga nan kuma a san yawan kalorin da ya ƙone.

Da wannan dabara Herman Pontzer da abokan aikinsa suka je wurin ƙabilar Hadza, waɗanda suke zaune kusa da tafkin Eyasi a arewacin Tanzaniya, suna rayuwa da farauta da ɗiban zuma da tonon saiwoyi. Mazansu kan yi tafiyar kimanin kilomita 11 a yini, matan kuwa kimanin 6, ban da hawan itatuwa da ɗaukar kaya. Kowa ya zaci za a tarar suna ƙone kalori fiye da ma'aikacin ofis nesa ba kusa ba. Sakamakon da aka buga a 2012 ya nuna mazan suna ƙone kimanin kalori 2,600 a yini, matan kuma kimanin 1,900, kuma da aka yi la'akari da girman jiki sai aka ga ba su da wani bambanci da mutanen Amurka da Turai.

Kafin wannan ma an ga irin haka a Nijeriya. Amy Luke ta Jami'ar Loyola da ke Shikago, tare da masana na Nijeriya, sun kwatanta matan karkara na kudu maso yammacin ƙasar da mata baƙar fata na wajen birnin Shikago, aka buga sakamakon a 2008. Matan Amurka sun fi na Nijeriya nauyi da fiye da kilo 20, amma bayan an daidaita lissafi da girman jiki, kalorin da ɓangarorin biyu suke kashewa wajen motsi bai bambanta sosai ba. Inda bambancin ya fito fili shi ne a abinci: na matan Nijeriya ya fi yawan sitaci da harza, na matan Shikago kuwa ya fi yawan mai da abincin da aka sarrafa a masana'anta.

4. Yadda Jiki Yake Rama Abin da Ya Kashe

Me ya sa mai yawan motsi bai zarce mai zama da nisa ba? Amsar ita ce jiki yana da hanyoyin ramawa, kuma uku daga cikinsu sun fi muhimmanci.

Ta farko ita ce yunwa. Wanda ya motsa jiki yakan ƙara loma ba tare da ya sani ba, wani lokaci kuma da saninsa, yana ganin ya cancanci lada bayan wahala. A wani gwaji da Timothy Church da abokan aikinsa suka buga a 2009, an raba mata fiye da 400 da suka wuce shekarun haihuwa, aka ba wasu motsa jiki kaɗan, wasu matsakaici, wasu kuma mai yawa, har fiye da awa uku a mako, na tsawon wata shida. Waɗanda suka fi kowa wahala sun rage kimanin rabin abin da lissafi ya nuna za su rage. Wani gwajin da aka buga a 2019 daga cibiyar Pennington ta jihar Luwiziyana ya bi sawun wannan giɓi, ya gano cewa mafi yawansa daga ƙarin ci yake.

Ta biyu ita ce hutu. Mutumin da ya yi gudu da safe yana iya wuni a zaune saboda gajiya, ya hau mota zuwa inda da ƙafa yake zuwa, ya aiki yaro abin da da kansa yake ɗaukowa. Abin da ya ƙara da safe sai ya rage shi da rana.

Ta uku kuwa a ɓoye take, domin jiki da kansa yakan rage abin da yake kashewa a hidimar cikin gida. A shekarar 2021 Vincent Careau da wasu masana suka duba bayanan mutum 1,754, suka ga cewa a matsakaici kashi 28 cikin ɗari na kalorin da aka ƙone ta hanyar ƙarin motsi jiki yakan maido shi ta rage hidimar hutu. Watau daga cikin kalori 100 da aka yi zufa a kansu, 72 ne kawai suke shiga lissafi. Sun kuma lura cewa ramawar ta fi ƙarfi ga masu kitse da yawa, waɗanda su ne suka fi bukatar ragewa. Masana suna da saɓani game da girman wannan ramawa, wasu suna ganin ta fi bayyana ne idan abinci ya yi ƙaranci, amma gwaje-gwaje masu yawa sun haɗu a kan cewa nauyin da ake ragewa da motsa jiki kaɗai yakan gaza abin da alƙalami ya lissafa.

Wannan ba ya nufin motsa jiki ba ya rage komai. A Jami'ar Kansas, Joseph Donnelly ya sa matasa masu ƙiba suna ƙone kalori 400 ko 600 a kowane zama, kwana biyar a mako, har wata goma, ana sa musu ido, ba a kuma taɓa abincinsu ba. Sakamakon da ya fito a 2013 ya nuna sun rage kimanin kilo 4 zuwa 5. Ragi ne na gaske, sai dai an biya shi da aiki mai yawa wanda ba kowa yake da lokaci ko juriyar yinsa ba. Haka kuma mutane sun bambanta: a cikin rukuni ɗaya akan sami wanda ya ragu sosai, da wanda bai motsa ba, da wanda ma ya ƙaru.

5. Inda Motsa Jiki Ya Fi Amfani

Rage nauyi abu ne, hana shi dawowa kuma wani abu ne dabam, kuma na biyun ya fi wuya. A nan ne motsa jiki yake nuna ƙarfinsa. Kevin Hall ya bi diddigin mutum 14 da suka shiga wata gasar rage ƙiba ta talabijin a Amurka. Cikin mako 30 sun rage kimanin kilo 58 kowannensu a matsakaici, amma bayan shekara shida kimanin kilo 41 ya dawo, kuma rahoton 2016 ya nuna jikinsu yana ƙone kalori kusan 500 a yini ƙasa da abin da ya kamata ga mai girmansu. Da aka sake duba su a 2017, sai aka ga waɗanda suka fi riƙe raguwarsu su ne waɗanda suka fi yawan motsa jiki. Haka nan rajistar da Rena Wing da James Hill suka kafa a 1994, ta mutanen da suka rage aƙalla kilo 13 suka kuma riƙe shi shekara guda, ta nuna mafi yawansu suna motsa jiki kimanin awa ɗaya a kullum. A birnin Kofanhegan na Denmak kuma an yi gwajin da aka buga a 2021, inda mutane suka fara rage nauyi ta taƙaita abinci na mako takwas, sa'an nan aka rarraba su. Bayan shekara ɗaya, waɗanda aka sa motsa jiki sun fi waɗanda ba a sa ba riƙe raguwar da kimanin kilo 4.

Amfani na biyu ya shafi irin abin da ake ragewa. Wanda ya rage nauyi da taƙaita ci kaɗai, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya zubar ba kitse ba ne, tsoka ce da makamantanta. Aikin ƙarfi, irin su ɗaga nauyi da tsugunno da tashi, yana kare tsokar, abin da yake da muhimmanci ƙwarai ga wanda ya manyanta. Bugu da ƙari, kitse iri biyu ne. Akwai na ƙarƙashin fata, akwai kuma na cikin ciki wanda yake kewaye hanji da hanta, kuma shi ne ya fi haɗari. Robert Ross na Jami'ar Queen's a Kanada ya nuna a shekarar 2000 cewa mazan da suka motsa jiki, aka kuma ƙara musu abinci don kada nauyinsu ya sauya, duk da haka kitsen cikinsu ya ragu. Sikeli ba ya ganin wannan, amma mazagin wando yana gani.

Amfani na uku shi ne mafi girma, kuma tun tuni aka gano shi. A shekarar 1953 likita Jeremy Morris ya kwatanta direbobin motocin bas masu bene na birnin Landan, waɗanda suke wuni a zaune, da kwandastocinsu, waɗanda suke wuni suna hawa da sauka a matakala suna karɓar kuɗi. Ya tarar bugun zuciya ya fi kama direbobi. Da aka ce ai wataƙila don direbobi sun fi ƙiba ne, sai ya nemo awon ƙugun wandunan da ake ba ma'aikatan, ya ga cewa kwandasta, siriri ne ko mai jiki, ya fi direba mai irin girmansa tsira. Bayan haka, a 2002, wani babban gwaji a Amurka da ya ƙunshi mutum 3,234 da suke dab da kamuwa da ciwon sukari ya nuna cewa gyaran abinci tare da tafiyar minti 150 a mako ya rage kamuwa da ciwon da kashi 58 cikin ɗari, alhali maganin metformin ya rage da kashi 31. Tsokar da take aiki tana janye sukari daga jini, jijiyoyin jini suna saki, hawan jini yana sauka, barci yana gyaruwa, kuma yawancin wannan yana samuwa ko nauyi ya ragu ko bai ragu ba.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da hukunci uku. Na farko, wanda yake son nauyinsa ya ragu, daga akushi zai fara: ya rage mai a miya da suya, ya rage sukari a shayi da koko, ya bar lemon kwalba, ya yawaita ganye da wake da hatsin da ba a cire masa dusa ba. Na biyu, ya haɗa da motsa jiki tun daga ranar farko, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma motsin ne zai kare masa tsoka ya kuma taimaka wajen hana kitsen dawowa. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ita ce baligi ya sami minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, kamar tafiya da sauri ko hawan keke, ko kuwa minti 75 zuwa 150 na motsi mai tsanani, tare da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu a mako. Mai ciwon zuciya ko ciwon sukari ko hawan jini ya nemi shawarar likita kafin ya shiga mai tsananin.

Na uku, kada a bar wa sikeli shi kaɗai alƙalanci. A riƙa auna ƙugu, da hawan jini, da sukarin jini, a kuma lura da yadda numfashi yake idan an hau tudu ko bene. Mutumin da ya yi wata uku yana tafiyar ƙasa, nauyinsa bai sauya ba amma ƙugunsa ya ragu, jininsa ya sauka, ya daina haki, to ya ci riba, kuma abin da ya kamace shi shi ne ya ci gaba.